Daga Kan Tabarmar Zubi: Rediyo Mai Kati, Wanne Za Mu Saya?

 

A fitowar da ta wuce mun yi alkawarin za mu yi maganar rancen noman tattasai. Ku yi mana haƙuri, mun ɗaga ta zuwa gaba. Ƙungiyoyi uku ne suka aiko mana da tambaya iri ɗaya, wai suna so su sayi ɗan rediyon nan mai cin kati, wanda samari ke ce wa MP3, to wanne za su saya? Da muka ji tambayar sai da muka yi dariya, irin dariyar wanda ya taɓa faɗawa rami ya ga wani ya nufo shi. Mu nan Barwa mun saya har sau biyu. Na farkon ya ci mana kuɗi, ya kusa raba mana kai, ya kuma tafi da wani abin da kuɗi ba sa maido shi.

Wata za ta ce, ina ruwan asusu da rediyo? Ai da ruwa. Tun da aka fara Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, da ka ake riƙe lissafi. Kowace mace tana haddace nata da na wadda ke zaune kusa da ita, a ƙarshen zama a faɗi abin da ke cikin akwati da ƙarfi, kowa ya ji, mako mai zuwa a tambaya. Wannan dubara ta riƙe iyayenmu, mu ma tana riƙe da mu. Sai dai mu da muka bar gari a 2015, muka watsu a bakin babbar hanya da Tumur da Kinjandi da cikin Difa, ba mu dawo ba sai a watan Yunin 2021, mun san yadda kai yake cika. Mace tana tunanin rufin ɗaki, tana tunanin ɗanta da ke can wani gari, ina za ta ajiye jimillar makon jiya? A cikinmu mu 25, mu huɗu ne muka yi yaƙi da jahilci har muka iya riƙe littafi. Sauran in an rubuta, sai dai su yarda. Shi ya sa muka ce a samo abin da zai ɗauki muryar ma'ajiya lokacin da take faɗin jimilla, a kunna a farkon zama na gaba. Kuma a zuba masa darussan karatu da karatun Alƙur'ani, ya riƙa kwana gida-gida.

Me ya sa ba salula ba? Don salular gida ba ta mace ɗaya ba ce. Maigida zai fita da ita, yaro zai ara, ga shi ana tattalin cajinta saboda kira. Rediyo mai kati kuwa ba ya neman rezo, ba ya cin kiredi, in ya faɗi ya fashe ba a yi asarar lambobin dangi ba.

To, sai muka fidda jikka 9 daga kuɗin tara, na masu makara da masu surutu a kan tabarma, muka ba wani ɗanmu da zai shiga Difa. Laifinmu ne, ba mu gaya masa komai ba sai "a samo mai kyau". Yaro ya dawo da abin da ya ga yana da kyau a idonsa: ƙato kamar bulo, da fitilu ja da kore masu rawa, in an kunna sai wata Baturiya ta yi magana daga ciki. Ya haɗo da kati an rubuta 32 a jikinsa, wai an yi masa sauƙi. Ranar har guɗa aka yi.

Fitilun nan ashe batir suke sha. Kafin a gama zama ya mutu. Ba shi da lambobi a jiki, in kina neman darasi na 20 sai kin danna sau 20, in kika zarce ki koma baya. In aka kashe shi kuma ya manta inda ya tsaya, ya koma farko. Wata baiwar Allah ta riƙe shi kwana uku, da ta maido ta ce ita dai ta haddace gaisuwar malamin, amma ba ta taɓa jin ƙarshen darasin ba, don kullum tana cikin ji za a kira ta, ta kashe.

Duk wannan mai sauƙi ne. Katin ne ya yi mana aika-aika.

Muna cikin wata na biyu sai gardama ta tashi a kan jikka 5. Wata ƴar'uwarmu mai sayar da bandar kifi ta ce ta biya rabin rancenta makonni uku da suka wuce. A littafi ba a rubuta ba, don ranar magatakardarmu tana wurin haihuwar ƙanwarta, wadda ta riƙe mata biro kuma hannunta bai faɗa ba tukuna. Muka ce ai ba komai, ga rediyo. Aka nemo zaman ranar, aka danna. Shiru. Aka danna na gabansa, ya yi ƙara kamar ana yaga zane, ya tsallake. Matar nan ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Yaya, ni za a mayar maƙaryaciya a kan jikka 5?" Ta ɗauki takalminta. Wallahi ba mu taɓa jin tabarma ta yi mana zafi kamar ranar ba. Allah ya taimake mu da maƙwabciyar zamanta, wadda ta tuna cewa ta ga takardun, guda biyu na jikka bibbiyu da ɗaya ta jikka, har ɗayar ta yage a gefe. Masu ƙidaya suka sake lissafa akwati tun daga makon, aka ga rarar jikka 5 daidai. Sai da muka tashi mu uku muka je har gida muka ba ta haƙuri, kuma sai da ta yi mako biyu tana aiko da zubinta kafin ta dawo da ƙafarta.

Da muka kai katin wurin masu tura waƙa a Difa, wani yaro mai kwamfuta ya duba ya ce, "Inna, wannan jabu ne." Ya yi mana bayani, mu ma bari mu yi muku yadda muka gane. Kati kamar buhu ne. Akwai buhun da aka rubuta wa tiya 32 alhali cikinsa tiya 2 ko 4 yake ci, an kuma koya masa ƙarya, ko an sa shi a kwamfuta 32 zai nuna. Muddin abin da kika zuba bai wuce ainihin cikinsa ba, lafiya lau yake aiki, shi ya sa a shago ba a gane shi. Ranar da kika wuce, sunayen abubuwa suna nan a jere, amma cikinsu ya lalace. Namu ya cika tun a makonnin farko, muna ta ɗauka muna zubawa a ƙasa ba mu sani ba.

Cikin abin da ya zube har da muryar wata dattijuwarmu. Tsohuwa ce da ta san waƙoƙin niƙa da na kai amarya da Barbarci, irin waɗanda ƴan matan da suka tashi a sansani ba su taɓa ji ba. Dare biyu muka zauna da ita tana yi, tana dariya tana cewa mu kashe, haƙoranta sun zube. Da muka gane katin ya ci, muka ce bari a gama cirar tattasai mu sake zama. Kafin a gama Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙanta. Mun tuna da marigayi Malam Maman Barka, ɗan Tesker, da ya taso ya zo bakin tafkin nan a 2002 don ya koyi kiɗan biram na Buduma, mai tsirkiya biyar, a wurin tsohon da ya rage da saninsa, Bukar Tar. Shi ya riski nasa tsohon da rai, ya koya, ya ɗauka a faifai, shi ya sa ko bayan rasuwarsa a 2018 ana jin biram. Mu mun riski tamu, kati ya ci.

Saye na biyu da ƙafarmu muka je, mu da ma'ajiya, kuma mun fi awa ɗaya a tsaye gaban tebur. Mai kayan har ya gaji ya ce, "Hajiya, rediyo za ku saya ko saniya?" Muka ce kuɗin mata 25 ne, ai ya fi saniya.

Abu na farko da muka duba bayansa ne, ba fuskarsa ba. A buɗe murfin a ga batir. In batirin a manne yake ciki, ba ya fita sai an kwance ƙusa, ku ajiye shi, don ranar da batirin ya mutu rediyon ya mutu ke nan. Waɗanda suka dace da mu iri biyu ne. Akwai mai cin batir falale irin na tsohuwar Nokia, an rubuta masa BL-5C, wannan ko a ƙaramar kasuwa ana samu, mace tana iya ajiye biyu, ɗaya na ciki ɗaya na wurin caji. Akwai kuma mai cin dogo mai kama da pil ɗin tocila, lambarsa 18650, ya fi daɗewa nesa ba kusa ba. Amma shi ma akwai na ƙarya. In kun ga an rubuta masa 9900 ko wata lamba mai ban tsoro, ku sani na gaskiya ba ya wuce wajen 3500. Ku ɗora a tafin hannu, na ƙarya ba shi da nauyi.

Wasu an liƙa musu ɗan gilashin sola a baya kamar faɗin tafin yaro, ana ƙara kuɗi saboda shi. Mu dai ba mu ga amfaninsa ba. Ya yi ƙanƙanta, kafin ya tara abin kirki sai ya wuni a rana, kuma kun san ranar nan tamu ta watan Afrilu da Mayu. Zafi shi ne babban maƙiyin irin wannan batir. In kun ga batir ya kumbura kamar fanke, ku cire shi, kada ku huda, kada yara su yi wasa da shi, kada kuma a jefa a murhu. Gara a yi caji a jikin panon gida ko wurin masu caji, rediyon na inuwa. Ku kuma duba bakin cajin, ya zama irin na salular da ke gidanku, don waya ɗaya ta isa. Bakin nan shi ne ke fara lalacewa, ku sa wayar ku ɗan girgiza, in wutar caji tana ɗaukewa tana dawowa, ba shi ba ne.

Sai lambobi. Wannan a wurinmu ya fi ƙarar sauti muhimmanci. Wanda ke da maɓallai daga 0 zuwa 9, in kika danna 36 zai kai ki abu na 36 kai tsaye. In an jera surori 114 bisa tsarinsu, mai neman Yasin ta danna 36, mai neman Tabara ta danna 67. Abin da ba mu zata ba, matanmu da ba su taɓa riƙe alli ba sun koyi lambobi a jikin rediyon nan cikin wata guda, don kowace tana son ta kai kanta inda take so ba sai ta kira yaro ba. Yanzu in aka rubuta jimilla a allo suna karantawa. Amma ku gaya wa mai turi ya zuba su a jere tun daga na ɗaya, don da yawa daga cikin rediyon nan suna bin yadda aka zuba ne, ba sunan da aka rubuta ba.

A gaban mai kaya ku gwada mantuwarsa. Ku kunna wani dogon karatu, ku bari ya yi nisa, ku kashe gaba ɗaya, ku sake kunnawa. In ya ci gaba daga inda ya tsaya, madalla. In ya koma farko, ku tuna da baiwar Allahn nan mai haddace gaisuwa. In kuna son ɗaukar murya, ku tabbata yana da maɓallin ɗauka, sau da yawa ja ne, kuma ku yi magana a ciki a nan take ku ji. Wani yana ɗauka amma sai kin sa baki a jikinsa, na nesa da taku uku ba a jin ta. Namu na yanzu ma haka yake, shi ya sa ma'ajiya ke riƙe shi a hannu in za ta faɗi jimilla.

Maganar girma ba ta da yawa. Wanda zai shiga jaka ko a rataya a wuya ya isa. Ƙaramin nan kamar akwatin ashana da ba ya magana sai da abin maƙalawa a kunne yana da daɗi ga mace ɗaya mai tsinkar tattasai, amma ba na ƙungiya ba ne. In yana kama tashoshi, ƙari ne mai kyau: a Difa ana jin Anfani da Muryar Sahel a FM, mu na nesa kuwa mai gajeren zango ya fi mana, a ja eriya a gwada. Kada dai ku ƙara kuɗi don fitila mai rawa.

Mu koma kan kati, tun da shi ya cije mu. Ba ku buƙatar babba. Minti ɗaya na sauti yana cin wajen mega 1, ke nan kati mai giga 8 zai ɗauki kusan awa 130. Ko awa uku kike saurare kullum, sai kin wuce kwana 40 ba ki maimaita ba. Saukar Alƙur'ani guda ba ta cika wuce giga 2 zuwa 3 ba. To ina za ki kai 32 ko 64? Ga shi ƙananan rediyon nan da yawa ba sa ma karanta katin da ya wuce 32. Mai giga 8 na gaskiya ya fi mai 64 na ƙarya, kuma in kun ga babba ya fi ƙarami araha, to araha ba ta ado. Gwajinsa ɗaya ne: a cika shi maƙil a gabanku, sannan a kunna na farko, na tsakiya da na can ƙarshe. Mai turi zai yi ƙorafin ɓata lokaci, ku ƙara masa dala 20 ku jira. Mu rediyon jikka 4 muka saya, katin jikka 3, amma kada ku riƙe wannan farashi, kun san kayan Difa da Naira suke tashi da sauka.

Wani abin da ya ba mu wahala, saƙon murya na WhatsApp. Malamar da ta koya mana karatu takan aiko da darasi ta wayar ɗan magatakarda, a tura a kati, rediyo ya yi kamar bai gan shi ba. Ashe shi MP3 kawai ya sani, muryar WhatsApp kuwa da wani tsari daban take zuwa. Sai an kai wa mai kwamfuta ya juya ta. Ba lalacewa ba ce, kada ku mayar da rediyo a kan wannan.

Akwai maganar da za mu yi a hankali, kun dai gane. Kada ku sayi katin da aka riga aka cika, kada kuma ku ce wa mai turi "zuba mini duk abin da kake da shi". Tun da aka sa dokar ta-ɓaci a jiharmu a 2015, kowa ya saba da tsayawa a shingen bincike, kuma abin da ke cikin jakarki naki ne, ko kin san shi ko ba ki sani ba. Wa'azin da ba ki san mai yin sa ba, ba ki san inda zai ƙare ba, bai kamata ya kwana a ɗakinki ba, balle ya shiga kunnen yaranki. Ku faɗi abin da kuke so da sunansa. Masu son ƙira'ar Warshu irin ta allonmu su ce ta Warshu, Shaihu Husari na Masar ma ya yi ta. Masu son waƙa su faɗi mai waƙar. A namu akwai Barmani Coge, don in ana daka ba abin da ya kai amada, akwai Fati Nijar saboda ƴan matanmu, akwai biram ɗin Malam Maman Barka. Mun yi kati biyu ma, na karatu daban na waƙa daban, bayan da wata rana ana tsakiyar sauraren tafsiri a gidan suna wani jika ya danna, ƙwarya ta amsa. Kuma in an kawo katin gida, mace biyu su zauna su bi shi ɗaya bayan ɗaya kafin ya fara yawo.

Ƙura kuma, lokacin hunturu, ta ramin katin take shiga. Mu ɗan salatif muka liƙa a bakin, ya hana ƙura ya kuma hana yara zarewa, don abin bai kai farce ba, in ya faɗi a yashi sai dai haƙuri. Wata ta ɗinka masa ƴar jaka da ragowar atamfa.

Yanzu ga yadda muke yi, in ya yi muku ku ɗauka. Littafi yana nan, haddar maƙwabciya tana nan, rediyo na uku ne, shaida ce kawai, ba a yanke hukunci da shi shi kaɗai. Ana kunna jimillar makon jiya kafin a buɗe akwati. Katin lissafi ba ya fita, cikin akwati yake kwana tare da littafi, sai masu makulli uku sun haɗu. Rediyon da katin karatu suna zagayawa kwana bibbiyu bisa jerin zama, wadda ya kwana wurinta ita ke biyan caji, wadda ta maido shi a mace tarar dala 10. Duk ƙarshen wata, in wani zai shiga Difa, ana kwafe katin lissafi a wani kati na biyu da ke wurin shugaba. An yi muhawara a kan ko za a riƙa ba da shi haya a gidan biki, mu dai ba mu goyi baya ba, aka kaɗa ƙuri'a aka kayar da mu, 14 da 11. Za mu gani.

Mun kuma sa ranar Alhamis bayan la'asar don ɗaukar muryoyin tsofaffinmu, da Barbarci da Fulatanci da Hausa, kowa da harshen da aka yi masa rawar goyo. Mun fara da biyu, ta ukun ta ce sai an sayo mata goro. Ƙungiyar da ke da tsohuwa mai waƙa ko mai tatsuniya kuma ba ta sayi nata rediyon ba tukuna, ta aiko mana ta hannun mai kawo wannan takarda, za mu ara muku namu na kwana biyu, da katinku.

Maganar rancen tattasai sai fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu. Ku zo da lissafin abin da kowace ta kashe bara a kan iri da ban ruwa.